Na ga zuciyar jaririna tun kafin in ga fuskarsa

Ina da ciwon suga tun kafin in samu ciki. Da cikin ya kai mako 20, likitar da ke duba ni ta ce sikanin da aka saba yi bai wadatar ba, sai an duba zuciyar jaririn ita kaɗai da hoton 3D. Ta ce suga na ƙara haɗarin, kuma ko ba suga, kusan jariri ɗaya cikin ɗari da matsalar zuciya ake haifarsa. Gabana ya faɗi, kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Aikin kansa ba wahala. Aka shafa min wani mai mai sanyi a ciki, likitan da zai ɗauki hoton ya ɗora kan na'urar. Ba allura, ba zafi, sauti kawai take aikawa ya dawo, ba irin hasken hoton ƙashi ba. Da farko hoton fari da baƙi ya yi, ni dai ban gane komai ba sai wani ɗan abu yana rawa a tsakiyar allo. Bugu 146 a minti, in ji shi, kuma daga 110 zuwa 160 duk lafiya ne.

Sai ya ce, "Malama, riƙe numfashi kaɗan." Ya tsayar da hannunsa cak na 'yan daƙiƙoƙi. A nan na'urar ke tattara hotuna masu yawa, ta jera su daidai da bugun zuciyar, dabarar da suke kira STIC. Abin da ya fito bayan haka ba zan manta da shi ba. Zuciyar da ba ta fi kan babban yatsana ba, ga ta a allo yana juya ta gaba da baya, yana buɗe ta kashi-kashi. Ya ƙirga min ɗakuna huɗu da bangon da ya raba su. Ya daɗe sosai a kan manyan jijiyoyi biyu da ke fita daga zuciyar, yana so ya ga sun gitta juna, domin idan suka tafi a jere, alama ce sun musanya wuri. Sun gitta. Sai a lokacin na saki ajiyar zuciya.

Da launin ja da shuɗi suka bayyana a allon, na ɗauka jini mai kyau ne da marar kyau. Ashe inda jinin ya nufa kawai launin ke nunawa. Haka da na hango wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan sama, hankalina ya tashi, ya ce kowane ɗan tayi na da ita, tunda huhunsa bai fara aiki ba, kuma yawanci bayan haihuwa take rufewa.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne daɗewar. Yaron ya juya mana baya, ƙasusuwan bayansa suka tare hoton, aka ce in tashi in ɗan zaga in dawo. Kusan awa ɗaya muka yi, ƙuguna kamar zai tsinke, kuma ba wanda ya gaya min haka tun farko balle in shirya.

Likitan bai ɓoye min ba: yawancin hukuncinsa daga hoton fari da baƙi ya yanke shi, na 3D ƙari ne, kuma ƙananan ramuka a bangon zuciya na iya kuɓuce wa na'ura. Ni kuwa ƙarin nan ne ya sa na fahimci abin da ake gaya min, na daina gyaɗa kai kawai. 'Yan'uwa mata, in an tura ku, ku tambaya wa zai karanta hoton. Wurin da ake ɗaukar fuskar jariri don ajiyewa daban, duba zuciya daban, wannan aikin wanda ya ƙware a zuciyar ɗan tayi ne. Ni an ce za a sake duba shi bayan haihuwa, kuma zan kai shi.