Kafin Ka Sayi Maganin Kumburi, Tantance: Iska Ce Ko Ruwa?

Kumburi iri biyu ne, amma masu talla a Facebook da motocin masu magani a bakin kasuwa kuɗin goro suke yi musu. Akwai na iska: ciki ya ɗaure tamau bayan an ci wake ko alala, ana ta gyatsa, kafin safiya ya sace. Akwai kuma na ruwa: da yamma ƙafa ta cika takalmi, zobe ya ƙi fita, robar safa ta bar shaida a fata. Gwajin ba ya cin ko kwabo. Danna babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ka ƙirga zuwa goma, ka ɗaga. In rami ya zauna, ruwa ne.

Abin da aka fi tallatawa shi ne shayin rage tumbi, mai kwali mai kyau da hoton mace siririya. Juya kwalin ka karanta. Da yawansu za ka ga an rubuta senna, wato dangin filasko da kakanninmu ke sha don wankin ciki. Gudawa yake sa wa, shi ya sa ciki ke lafewa kwana ɗaya ko biyu, mutum ya ɗauka ya dace. Ruwan jiki ne ya zube, ya tafi da sinadarin potassium da zuciya ke buƙata, kuma da an ci an sha komai ya dawo. Wanda ba shi da lambar NAFDAC ko jerin abin da ke ciki kuwa, ko kyauta aka ba ni ba zan dafa ba.

Sai ƙwayar fitsari, furosemide, wadda aka fi sani da Lasix. Tana aiki, ba gardama: cikin awa guda za ka fara zaryar bayi. Amma an yi ta ne don masu ciwon zuciya, ƙoda ko hanta, da likita ke auna jininsu. Mai shan ta da ka yana iya gamuwa da jiri, ɗaurewar jijiya da bugun zuciya marar tsari, ga shi ta rufe ainihin cutar har ta yi nisa. Araharta ce tarkon.

Inda na fi so a tsaya shi ne garin nan da ake zubawa a ruwa ya yi kumfa, irin su Eno da Andrews Liver Salt, da kuma jiƙon kanwa na gida. Suna sa a yi gyatsa, ƙwannafi ya lafa, to madalla. Sai dai dukansu akwai sodium a cikinsu, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma shi ne ke riƙe ruwa a jiki. Mai kumburin ƙafa ko hawan jini da ya lazimce su ya sayi wahala da kuɗinsa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da zafin wankan jego. Ba cewa na yi a daina sa 'yar kanwa a miyar kuka ba. Shan ta kofi-kofi da sunan magani ne matsalar.

Ga mai kumburin iska zalla, nemi abin da ke ɗauke da simethicone, wanda ke farfasa kumfar iskar cikin hanji kuma ba ya shiga jini. Ba kowa yake yi wa aiki ba, amma haɗarinsa kaɗan ne. Shayin citta ko na'a-na'a ma yana sauƙaƙa wa wasu, sai dai na'a-na'a kan tayar wa mai ƙwannafi da ciwonsa. In madara ce ke kumbura ka, gwada kindirmo. Wake kuma a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan.

Zoɓo yana ɗan ƙara fitsari, yana kuma ɗan sauke hawan jini. Sayi busasshe a kasuwa ka dafa da kanka, domin na ƙulli da na gora sukari ya yi musu yawa. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita tukuna.

Ni in kuɗina ne, kuma kumburin na tsayuwa ko dogon zama ne, irin na tela, malamar makaranta ko direban Kano zuwa Legas, safar matse ƙafa zan saya. Ƙarfinta a rubuce yake a kwali; 15 zuwa 20 mmHg ya isa a fara da shi. A auna idon sawu da sha-raɓa kafin a biya, a sa ta da safe kafin ƙafa ta cika. Mai ciwon suga ko wanda jini ba ya gudana sosai a ƙafarsa kada ya sa sai an duba shi. A haɗa da rage gishiri: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, alhali ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu watsa huɗu a tukunya mu bi da gishiri.

Duba kuma abin da kake sha yanzu. Amlodipine na hawan jini yakan kumbura idon sawu. Ibuprofen da diclofenac suna riƙe ruwa. Haka ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe". Na hawan jinin kada ka ajiye shi da kanka, koma wurin wanda ya rubuta maka ya canja.

Akwai kumburin da kemis ba wurinsa ba ne: ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi na sarƙewa in an kwanta, fuska ta tashi a kumbure da safe fitsari na kumfa, ciki ya cika ido ya yi rawaya, ko mai ciki ta ga hannu da fuska sun hau ga ciwon kai, wanda kan zama mafarin jijjiga. Waɗannan asibiti za a nufa a ranar, a auna hawan jini a gwada fitsari, a kuma tafi da kwalayen duk abin da aka riga aka sha.