Google Scholar a hannun malaman jami'o'in Bauchi da Gombe: abin da yake ƙirgawa da abin da yake tsallakewa

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta fara ne a 1980, Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ta tarayya da ke Kashere kuma a 2011. Maƙalu da kundayen digirin da aka rubuta a harabobinsu irin su Yelwa da Gubi da Tudun Wada cikin waɗannan shekaru ba kaɗan ba ne. Sai dai masu auna jami'o'i daga waje ba sa shiga ofishin shugaban sashe su duba kanta. Abin da na'ura ta iya karantawa a intanet kaɗai suke gani, kuma na'urar da ta fi kusa da hannun malami ita ce Google Scholar, wato shafin Google na neman maƙalun ilimi da ƙirga yawan ambatonsu.

Kyauta ne. An buɗe shi a Nuwamban 2004, sannan a 2011 aka ba kowane mai bincike damar buɗe shafinsa. Scopus kuwa, rumbun bayanan maƙalu na kamfanin Elsevier, sai jami'a ta biya kuɗin rajista kafin a ga cikakkun bayanansa. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa mu ce kowane malami ya buɗe shafin.

Buɗewar ba ta kai rabin awa. A yi amfani da Gmail na kai, don kada shafin ya salwanta idan an canja wurin aiki. A rubuta suna yadda yake a kan maƙalu, a sa cikakken sunan jami'a, sannan a saka imel na jami'a, irin mai ƙarewa da atbu.edu.ng ko gsu.edu.ng. Za a turo saƙon tabbatarwa, sai a latsa. Daga nan a mayar da shafin na kowa ya gani. Waɗannan matakai biyu na ƙarshe su ake yawan mantawa, kuma ba tare da su ba shafin ba ya fitowa idan an nemi sunan mutum, ba ya kuma shiga lissafin jami'arsa. Masu jera jami'o'i irin su AD Scientific Index daga waɗannan shafukan suke ɗebo alƙalumansu, don haka farfesan da bai tabbatar da imel ɗinsa ba, a wurinsu kamar babu shi.

Shafin yana nuna lambobi uku: jimillar ambato (sau nawa aka kafa hujja da maƙalun mutum a wasu rubuce-rubuce), ma'aunin h, da ma'aunin i10. Ma'aunin h wani masanin fiziya ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. A ce malami yana da maƙalu bakwai da aka ambata sau 40, 18, 9, 6, 5, 3 da 1. Ma'auninsa 5 ne, domin maƙalu biyar ne kowacce ta samu ambato biyar ko fiye. Ma'aunin i10 nasa kuma 2, wato maƙalun da suka kai ambato goma. Lura cewa ko maƙalar farko ta kai 400, h ba zai motsa ba.

Matsalar da ta fi damun mutanenmu ita ce ta suna. Scholar yana taƙaita marubuci zuwa harafin farko da sunan ƙarshe, sai ka ga M Abubakar ko A Ibrahim, alhali masu irin wannan suna a jami'a ɗaya ma sun fi a ƙirga da yatsu. Ga kuma Muhammad yau, Mohammed gobe, wata mujallar ta juya sunan mahaifi ya koma gaba. Idan aka bar shafin yana ƙara maƙalu da kansa, ba a daɗewa sai a tarar da malamin tarihi yana ɗauke da binciken siminti. Maganin yana cikin saitin: a zaɓi a riƙa turo wa mutum ta imel ya duba kafin a ƙara. Idan maƙala ɗaya ta fito sau biyu, a yi musu alama a haɗe su, ambaton zai taru wuri guda. A kuma yi rajistar ORCID, lamba ce mai gurbi 16 da ba ta kowa ba sai mai ita, a riƙa ba mujallu ita tare da suna iri ɗaya kullum.

Babbar asarar tana wajen mujallun tsangayoyi. Da yawa ana buga su ne a takarda, a raba wa marubuta kwafi biyu-biyu, shi ke nan. Waɗanda aka ɗora a intanet kuma sau da yawa hoton shafi ne aka yi wa sikanin, ko a haɗe mujalla sukutum a fayil ɗaya. Ƙa'idar Scholar a bayyane take: kowace maƙala da adireshinta, rubutun ya zama wanda ake iya kwafa ba hoto ba, fayil ɗin PDF kada ya wuce megabait 5, take a sama da haruffan da suka fi sauran rubutun girma, sunayen marubuta a ƙasansa, manazarta a ƙarshe ƙarƙashin kanunsu. Mujallar da ke kan OJS, manhajar wallafa mujallu a intanet, ko rumbun laburare da ke kan manhajar DSpace, yawanci suna cika ƙa'idar idan an saita su daidai, kuma manhajojin biyu kyauta ne. Shiga AJOL, dandalin mujallun Afirka a intanet, shi ma hanya ce mai kyau.

Masu rubutu da Hausa suna da nasu ciwon kan. Scholar ba ya ƙin harshe, amma tsofaffin salon haruffan da ake buga ƙ da ɗ da ɓ da su suna ɓoye wasu alamomi ne a ƙarƙashi. Ido yana ganin ƙasa, na'ura tana karanta }asa ko qasa. Wanda ya nemi maƙalar da rubutun daidai ba lallai ya same ta ba. Sai edita ya koma haruffan Unicode, tsarin bai-ɗaya da na'urori ke karantawa daidai, tun daga take.

To, lambar fa, a yarda da ita? A nan ne Scholar yake da rauni, kuma ba ƙarami ba. Duk abin da ya yi kama da maƙala ƙirga shi yake. Ambaton kai yana shiga. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga cikin mako ɗaya ba tare da tantancewa ba, ita ma tana shiga. A 2010 wani masanin kwamfuta a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin bogi mai suna Ike Antkare, ya sa na'ura ta rubuta masa maƙalu fiye da 100 suna ambaton juna, sai ga ma'aunin h ɗinsa ya kai 94. Ban da wannan, fannoni ba ɗaya suke ba. Likita a asibitin koyarwa yana rubutu da mutum goma a fannin da ake ambato da yawa, masanin adabi kuwa ya shafe shekaru kan littafi ɗaya. Jera su a kan sikeli guda zalunci ne.

Saboda haka hukuncinmu kashi biyu ne. Wajen sa a ga aiki, da neman abin karantawa, da sanin wanda ya ambace ka, ba mu ga na biyunsa a kyauta ba. Wajen ƙarin girma kuwa, kwamiti bai kamata ya karɓi hoton shafin a matsayin hujja ba. A duba mujallar a jerin Scopus, wanda ake iya gani ba tare da biya ba, a kuma duba ko tana cikin waɗanda aka cire, sannan a karanta maƙalar kanta. Jami'ar da ke hangen jerin jami'o'in duniya na Times Higher Education ma ta sani cewa da bayanan Scopus ake aiki a can, kuma ana neman aƙalla maƙalu 1,000 cikin shekaru biyar.

Wani abu kuma, Scholar ba ya gaggawa. Sabuwar maƙala takan bayyana cikin makonni, amma gyaran suna ko take a kan wadda ya riga ya ɗauka yana iya cin wata shida zuwa tara, kuma sai mujallar ta fara gyarawa a nata shafin. Wanda zai miƙa takardunsa baɗi, yanzu ne lokacin rubuta wa edita.