Manhajar gane laimar kwaɗi: ra'ayina

Wannan manhajar ta waya hoto kawai take so, ta faɗa maka sunan laimar kwaɗin da ka ɗauka. Na gwada ta a kan waɗanda ke fitowa a kashin shanu bayan ruwan sama.

Masu siffa ta daban tana gane su nan take, kamar wadda hularta ke narkewa ta koma baƙin ruwa. Ƙananan masu ruwan ƙasa kuwa, nan take rikicewa. Laima ɗaya, na ɗauki hotonta daga sama ta ce Panaeolus, na juya ta ta ce Conocybe, alhali a dangin Conocybe akwai mai gubar da ke lalata hanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne darasin da ke ciki: ka cire hular, ka kifa ta a kan farar takarda, ka rufe da kofi ta kwana. Da safe za ka ga garin da ta zubar. Na Panaeolus baƙi ne, na Conocybe kalar tsatsa.

Don koyo, manhajar ta yi. Amma ni dai ba zan kai komai baki ba don waya ta ce.