Daɗin Kowa ko Kwana Casa'in: wanne za a fara kallo?

A majalisun Gombe, daga Jekadafari har Tudun Wada, musun nan ba ya ƙarewa. Duk shirye-shiryen biyu wasannin kwaikwayo ne masu dogon zango na tashar Arewa24, amma kowanne da inda ya dosa.

Daɗin Kowa ne babban wa. Garin cikin shirin ƙirƙirarre ne, ba Daɗin Kowan namu mai madatsar ruwa ta Yamaltu Deba ba. Ƙarfinsa yana cikin rayuwar talaka: gidan Kamaye da Adama, tsangayar almajirai, matasan da shaye-shaye ya cinye, zaman Musulmi da Kirista a unguwa guda. Labarin yana tafiya sannu a hankali, wani lokaci har ya ja, amma ko ka tsallake mako biyu za ka tarar da mutanenka inda ka bar su. Iyaye da yara suna iya kallonsa tare a tsakar gida.

Kwana Casa'in, wanda ya fara a 2019, siyasa ce tsagwaronta a ƙirƙirarriyar jihar Alfawa: Gwamna Bawa Maikaɗa, maguɗin zaɓe, 'yan jarida cikin haɗari. Yana da zafi, kuma ba ya yafe wa mai tsallake.

Ni dai ina ba wa sabon mai kallo shawarar ya fara da Daɗin Kowa. Wanda siyasa ke ci masa tuwo a ƙwarya kuwa, ya nufi Alfawa tun daga kashi na farko.