Ciwo ya yi nisa a Legas: asibiti, gida ko komawa Arewa?

Ranar da likita ya ce mana ciwon dajin Kawu ya bazu, abin da ya rage shi ne a sauƙaƙa masa raɗaɗi, sai muka zauna a Agege muna ta shawarar inda za a yi jinyarsa. Irin wannan kulawa ba cire rai da mutum ba ce. Ana iya fara ta tun ana kan magani, ko daji ne, ko ƙoda, ko zuciya.

Asibiti shi ne abin da ke fara zuwa rai. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba, inda aka buɗe cibiyar ciwon daji a 2019, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja. Likita na kusa, ga oksijin, ga ƙarin jini. Sai dai kowane asibiti ka kwanta, kuɗin gado kullum ƙirgawa yake, mai kai abinci kuma cunkoson Legas ya cinye masa wuni. Asibiti ya dace da lokacin da ciwo ya tashi, ba zaman watanni ba.

Mu gida muka zaɓa, tare da nas mai zuwa dubawa. Nan fa sai an buɗe ido. Ta farko da muka ɗauka, ƙarfe 2 na dare Kawu na murƙususu, wayarta a kashe. Don haka kafin ka biya ko kwabo, nemi ganin lasisinta, ka tambayi wane likita ne ke bayanta, kuma wa za a kira cikin dare. Wannan tambayar ta likita ita ce babba, domin morfin, maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, ba a samun sa sai da takardar likita, kuma yana sa bayan gida ya yi tauri, sai an haɗa da mai sassautawa. A koya wa 'yan gida juya mara lafiya duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. In gidan haya ne mai ɗaki ɗaya da banɗakin tarayya, a yi wa kai gaskiya, da wuya.

Gidajen kula da marasa lafiya masu zaman kansu fa? Je ka gani da idonka. Tambayi abincinsu, da lokacin ziyara, da ko mace ce za ta riƙa wanke mace.

Saura maganar da dattawa kan kawo: a mai da shi gida Arewa. Ba laifi, amma Kano kusan kilomita 1,000 ce, a yi tun yana iya zama a mota. A karɓi takardar bayanin ciwonsa, a san likitan da zai karɓe shi, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ne. Da na kawo wa Kawu zancen, murmushi ya yi ya ce, "Ɗana, shekara 40 ina nan. Ku dai juyar min da gadon nan ya kalli gabas."