Mai horar da karnukan da ya shiga tsakanin Kangal ɗina da karnukan gida

Duk wanda zai ɗauko mai horar da karnuka saboda babban karen gadin garke, ya fara tambayarsa ko ya taɓa aiki da irinsu. Wanda na ɗauko ya taɓa, kuma aikinsa ya gamsar da ni, ko da yake akwai wuraren da ya gaza.

Ina da karya irin Kangal, sunanta Gimbiya, na kawo ta tun tana kwikwiyo don ta riƙa kwana da tumaki. Asalin irinsu yankin Sivas ne na Turkiyya, kuma mace takan kai kilo 40 zuwa 50. Da ma akwai karnuka biyu a gidan: Bahago, tsohon namiji mai sanyin hali, da Tsigi, 'yar ƙaramar karya mai yawan haushi. Duk ƙuruciyar Gimbiya ba a taɓa jin kansu ba, Tsigi har baki take sa mata a kwano ta ƙyale ta. Sai da ta haura shekara ɗaya da rabi al'amari ya juye. A bakin ƙofar garke ta danne Tsigi ta kama ƙeyarta, sai da likitan dabbobi ya yi ɗinki.

Zuwansa na farko mutumin bai taɓa ko kare ɗaya ba. Zama ya yi yana kallo, yana tambayata inda kowanne yake ci, inda yake kwana, da ƙofar da suke haɗuwa. Daga nan ya yi mini bayanin da shi kaɗai ma ya isa ladan zuwansa. Waɗannan manyan karnuka, da Kangal da Maremma na Italiya da farin nan na duwatsun Firanis da ke tsakanin Faransa da Sifaniya, ba sa cika hankali sai wajen shekara biyu. Abin da na gani girma ne ya zo mata. Ɗaruruwan shekaru ana zaɓar su don su tsaya da garke su kaɗai, makiyayi yana nesa, su yanke hukunci da kansu, kuma babban abin da aka tanade su su kora shi ne kyarkeci da baƙon kare. Saboda haka Gimbiya tana iya sanin Tsigi 'yar gida ce a tsakar gida, amma da Tsigin ta doshi garke da gudu tana haushi, tumaki suka watse, ta koma abin kora. Kare ɗaya, matsayi biyu, ya danganta da inda yake tsaye. Ya ƙara da cewa mace da mace rigimarsu ta fi wuyar mutuwa, shi ya sa Bahago bai taɓa shiga ciki ba.

Wannan ya dace da abin da aka sani game da su. Tun 1994 ƙungiyar Cheetah Conservation Fund, mai aikin kiyaye cheetah, wata dabbar daji mai kama da damisa, take raba wa manoman Namibiya karnukan Turkiyya irin waɗannan, kuma yawancin aikinsu da girman jiki da haushi suke yin sa, naman daji ya ji ya canza hanya. Kare ne mai gargaɗi kafin ya kai baki. Mutumin ya koya mini ganin gargaɗin Gimbiya hawa-hawa: ta daskare, ta kafe ido, ta ɗaga jela, ta zo ta ɗora haɓa a kafaɗar ɗayar, sannan gurnani. Ya hana ni tsawata mata idan ta yi gurnani, domin karen da aka hana gurnani kai tsaye yake wucewa ga cizo. Na ga amfanin wannan fiye da komai.

Aikin kansa babu wani siddabaru a ciki. Ya sa na ja shingen waya tsakanin gida da garke, mai ƙofa biyu, yadda Tsigi ba za ta iya kutsawa ba. Aka raba wurin cin abinci, kowa a bayan rufaffiyar ƙofa, a kwashe kwanoni da an gama, ba a barin ƙashi a ƙasa. Sannan tafiya: shi riƙe da igiyar Gimbiya, ni riƙe da ta Tsigi, muna bin hanya ɗaya a wurin da ba na kowaccensu ba, da tazara mai yawa, muna rage ta sannu a hankali. Gimbiya tana sanye da takunkumi irin mai kama da kwando, wanda kare yake iya buɗe baki ya yi haki a ciki, ya sha ruwa. Ya ƙi amfani da abin wuya mai jan lantarki. Dalilinsa shi ne idan zafin ya zo mata tana kallon Tsigi, Tsigin za ta ɗora wa laifi. Kuma bai taɓa yi mini alkawarin za su zama aminan juna ba, wannan gaskiyar tasa ta ƙara masa daraja a idona.

Inda ya gaza kuwa, ba ya rubuta komai, duk abin da ya faɗa sai dai ka riƙe a ka, kuma da ya gama zuwa samunsa a waya ya zama aiki. Takunkumin da ya fara kawowa ya yi wa bakin Kangal kaɗan, har ya goge mata hanci. Ya kuma nace a yi mata aikin hana haihuwa a matsayin maganin faɗan, alhali likitan dabbobi ya ce wannan aikin ba ya ba da tabbacin kashe rigimar mace da mace. Mafi nauyi a wurina shi ne ya san kare amma bai san tunkiya sosai ba. Bai gargaɗe ni cewa lokacin haihuwar tumaki tsaron Gimbiya zai ninka ba, har Bahago da take kwanciya kusa da shi sai da ta kora daga bakin shinge.

Yanzu Gimbiya da Tsigi suna wuce juna a tsakar gida babu mai kallon wata, in ina tsaye. Ba na barin su su kaɗai, kuma ba ni da niyyar fara yi. Mai babban karen gadi da ƙananan karnuka a gida ɗaya zai ci ribar ɗauko mutum irin wannan, musamman tun karen bai cika shekara ba. Ya tanadi takarda da biro, ya auna bakin karensa da kansa kafin a sayo takunkumi, maganar tiyata kuma ya kai ta gaban likitan dabbobi.