Manhajar caca da ake saukewa da wadda ake buɗewa a burauza: amsa ga Hajiya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki ta jiya. Kin tarar da manhajar gidan caca a wayar ƙaninki, kin goge ta a kan idonsa, ya rantse miki cewa shi ke nan hanya ta toshe, sai maƙwabciyarki ta ce ai ko babu manhaja ana yi. Kina so ki san wa ya fi gaskiya, da kuma abin da ya raba biyun. Maƙwabciyarki ce da gaskiya. Ni gyaran waya nake yi, irin waɗannan abubuwa suna yawan biyowa ta teburina, bari in ajiye miki su biyun kusa da juna ki gani.

Da a shekarun 1990 ƙaninki ya yi wannan rantsuwa, da bai yi kaffara ba. A 1994 ƙasar Antigua da Barbuda ta yi dokar da ta buɗe ƙofar ba gidajen cacar intanet lasisi, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Microgaming yake cewa ya ƙera manhajar farko ta irin wannan gida. InterCasino ya buɗe a 1996 da manhajar CryptoLogic ta Kanada. A lokacin dole mutum ya sauke babban fayil ya girka a kwamfuta, domin intanet ɗin layin tarho ba ya iya ɗauko hotuna da sauti a kowane zagaye. Daga baya Flash ya zo, wata fasahar nuna hotuna masu motsi a shafin intanet, aka fara wasa kai tsaye a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome. Apple ya ƙi yarda da Flash a iPhone, sai kamfanoni suka koma HTML5, sabuwar fasahar gina shafi da burauza ke buɗewa da kanta, shi kuma Flash ɗin Adobe ya yi masa jana'iza ranar 31 ga Disamba 2020. Yau duk wayar da ke buɗe Facebook a Chrome tana da duk abin da ake buƙata. Ba a sauke komai.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, ko manhaja ko burauza, wasan ba a cikin wayar yake ba. Wayar taga ce kawai. Asusun yaron, kuɗin da ya zuba, tarihin wasanninsa, da injin da ke fitar da sakamako, duk suna kan babbar kwamfutar kamfanin, wadda ake kira uwar garke, wataƙila a wata ƙasa can. Idan ya danna maɓalli, wayar ta aika saƙo, uwar garke ta zaɓi lamba ta dawo da ita, sannan wayar ta nuna masa ƙafa tana juyawa ko jirgi yana tashi. Juyin nan ado ne, an riga an gama hukunci. Na sha buɗe irin manhajojin nan, da yawansu ma shafin intanet ne kawai aka sa wa riga da tambari. Don haka abin da kika goge taga ɗaya ce, ɗakin yana nan da sauran tagoginsa. Lambar waya da kalmar sirri kawai zai sa a Chrome ya tarar da komai yadda ya bari.

Wasannin ma galibi ba na gidan cacar ba ne. Haya yake ɗaukowa daga masu ƙera su, irin su Playtech da aka kafa a Estoniya a 1999, da Evolution da ke haska masu rabon karta kai tsaye daga ɗakunan ɗaukar hoto a Riga ta Latbiya, da Spribe mai wasan jirgin nan Aviator da samari suka haukace a kai. Shi ya sa za ki ga wasa ɗaya a gidaje goma, a manhaja da burauza duka, ba abin da ya canza sai launin bango.

Ta wajen gudu da cin data, bambancin bai taka kara ya karya ba. Manhaja tana ajiye hotuna a waya, tana ɗan fin saurin buɗewa idan sabis ya yi rauni. Burauza kuma ba ta cin wurin ajiya. Wasan da ake haska mutum kai tsaye bidiyo ne, yana shan data ko ta ina aka shiga.

Inda suka rabu da gaske shi ne abin da kowanne ke iya taɓawa a cikin wayar. Shafin da aka buɗe a burauza kamar baƙo ne da aka tsayar a zaure: zai iya neman izinin sanin inda kake, ko kyamara, ko turo sanarwa, amma ba ya iya shiga akwatin saƙonni ko jerin lambobin mutane. Manhaja kuwa an shigo da ita cikin gida. Idan daga Play Store ko App Store ta fito, da sauƙi, domin Google da Apple ba sa barin manhajar cacar kuɗi sai mai lasisi kuma a ƙasashen da suka amince, sannan tun 2019 Google ya tsaurara ba da izinin karanta saƙonnin tes. Matsalar ita ce yawancin waɗanda nake gani ba daga can suka fito ba. Fayil ne na APK, wato na girka manhaja a wayar Android, da aka turo ta Telegram ko WhatsApp, aka ce wa yaro ya kunna amincewa da manhajojin waje. Irin wannan babu wanda ya tantance shi. Idan ya samu izinin karanta saƙo, to lambar sirrin da banki ke turowa a gabansa take faɗowa. Kwanaki an kawo mini wata waya mai zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, batir ba ya kai azahar. Da na duba, fayil ɗin caca ne aka ba izinin sarrafa allon wayar baki ɗaya. Mai wayar bai ma san ya danna amincewa ba.

Ta wajen jan hankali ma manhaja ta fi naci. Tambarinta na nan a fuskar waya, tana turo sanarwar garaɓasa da tsakar dare, tana buɗewa da zanen yatsa ba sai an tuna kalmar sirri ba. Amma ta wajen ɓuya, burauza ce gwana, kuma nan ne abin ya shafe ki. Manhaja kin gan ta da idonki. Shafin da aka buɗe a ɓoyayyen yanayin Chrome, wanda ake kira Incognito, da an rufe shi ba ya barin tarihi. Wato goge manhajar ya rage haɗarin satar bayanai, amma zai iya tura shi hanyar da ba za ki gani ba.

Akwai kuma ta uku da ban so in tsallake, manhajar da ake sayar wa yara wai tana hango inda jirgin Aviator zai faɗi. Tunda sakamako daga uwar garke yake fitowa, babu abin da za a girka a waya ya san shi kafin lokaci. Wanda ke da irin wannan sirri da gaske, me zai kai shi tallarsa a Telegram kan 'yan dubbai? Kuɗin kunnawa suke karɓa su toshe mutum, wani lokaci su haɗa masa da fayil mai sata.

Kada kuma a ce miki ai gidan mai lasisin Malta ne ko na Birtaniya, ko eCOGRA, wata cibiyar tantance wasannin caca, ta gwada injinsa. Gwajin yana tabbatar da cewa lambobin ba shiri ba ne, bai ce mai wasa zai ci riba ba. Ribar gida a cikin lissafin take. Ƙafar rulet ta Turai, wadda ake juyawa ƙwallo ya faɗa kan lamba ɗaya, gurbi 37 gare ta, daga 0 zuwa 36, amma ana biyan ninki 35. Ki sa naira 100 a kan kowace lamba, kin kashe 3,700, abin da zai dawo miki 3,600 ne, wato 3,500 na ci da 100 ɗin da kika sa a lambar da ta fito. Ta Amurka gurbi 38 ce, giɓin ya zama 200. Aviator da kansa ya rubuta cewa kashi 97 cikin 100 yake mayarwa. Kashi 3 kamar ba komai ba, amma wanda ya yi zagaye 300 yana sa naira 1,000, ya juya 300,000 ke nan, kuma a bisa lissafi 9,000 sun tafi. Wannan lissafin ɗaya ne a manhaja da burauza.

Hukuncin caca a addini kin fi ni sani, ba sai na ja aya ba. Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005 ta ce hurumin jihohi ne, amma kwaɗon da aka sa wa shago ba ya kama Chrome.

Ga abin da zan yi da ƙanina ne. Zan zaunar da shi ya shiga asusun a gabana, mu rufe shi ko mu danna zaɓin haramta wa kai wasa, wanda gidaje masu lasisi ke da shi a saitunansu. Idan fayil ɗin da kika goge daga Telegram ya zo, a canza lambobin sirrin bankinsa yau, a kuma duba waɗanne manhajoji ke da izinin saƙonni da na sarrafa allo. Sannan a girka BetBlocker, kyauta ce, tana toshe shafukan caca na tsawon lokacin da aka zaɓa. Idan bai kai shekara 18 ba a haɗa da Family Link na Google, manhajar sa ido kan wayar yara. Shaidar da ba ta goguwa kuwa ita ce bayanan shige da ficen kuɗi na asusunsa na banki, can za ki ga ko ya daina. Idan kin samu hali ki turo mini hoton shafin izinin manhajoji na wayar, in nuna miki waɗanda za a kashe.